Waƙar da Aka Ce In Karanta a Gaban Inna

Zuwa ga Shugaban Ajin Yaƙi da Jahilci na ƙasar Tofa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina yi maka ban gajiya.

Sunana Sabi'u. Baƙo ne ni a nan, bara da damina muka zo ni da Inna, bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyenmu. Ƙwadago nake yi a gonakin mutane, da yamma in je aji. A ajinku na koyi haɗa baƙi, don haka a gafarce ni in rubutun ya karkace.

Na farko. Malaminmu ya ba ni waƙar yaƙi, ya ce ni zan karanta ranar yaye ɗalibai, kuma kowa ya zo da iyayensa. Ita ce abu na farko da na karanta da kaina har ƙarshe. Na yi murna, sai da na gane abin da take cewa.

Na biyu. Waƙar ta ce jarumi yana faɗuwa yana murmushi, yana cewa a miƙo masa mashinsa. Ranka ya daɗe, yayana Haladu ɗan sa-kai ne. Ni na jawo shi cikin dawa bayan harsashi ya huda masa ciki. Bai yi murmushi ba. Ruwa ya yi ta roƙo, ba ruwa. Sannan ya yi ta kiran Inna kamar yaron goye har ya cika. Ban taɓa gaya mata wannan ba.

Na uku. Baitin ƙarshe ya ce wanda ya gudu ba ɗa ba ne. To mu gudowa muka yi, na goya Inna a bayana. Na tambayi Malam ko mai waƙar ya taɓa zuwa yaƙi, sai aji ya kwashe da dariya. Wallahi ba raini ba ne, so nake in sani.

Roƙona, a sauya mini wata, ko ta noma ce zan haddace. In kuma dole sai wannan, a sanar da ni da wuri. Inna ta riga ta wanke mayafinta saboda ranar, sai in san abin da zan ce mata ta zauna a gida.

Allah ya ƙara girma, ya raba idonka da abin da nawa ya gani.

Wassalam.

Sabi'u, ɗan ajin yamma.