Kada Umma ta yi allurar da ke cikin karafan

Yaya Ma'aruf,

Na fita kafin ka dawo daga Harami, don ba zan iya haɗa ido da kai ba. Munazzim ɗin, na'urar daidaita ƙarfin lantarki, da ka aike ni saye don kare wutar karafan, motarmu mai ɗakin kwana, ba babban da ka ce na sayo ba. Ƙarami irin na gida na ɗauko a unguwar Kudai, na ce maka shi ne. Jiya a istiraha, wurin hutun da muka sauka, wuta ta zo da ƙarfi, ya ƙone, firjin motar ma ya bi shi. Sai yau na lura insulin ɗin Umma da ke cikin firjin ya kwana cikin zafi. Don Allah kada ta yi allurar nan, na tafi saidaliyya, kantin magani, nemo sabo.

Ba ta sani ba tukuna. Ka bari in faɗa mata da bakina.

Badamasi