A-Kori-Kurar Matan Samaru

Samaru, 8 ga Yuli

Zuwa ga Babana, Mordecai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya gwiwa, yaya ruwa? Tunda kunne ya hana ka waya, kuma ka ce rubutun cikinta na tururuwa ne, ga takarda ta hannun Nneoma, maƙwabciyata mai shago a kasuwarku.

Baba, na ɗebo wa kaina magana. Ƙungiyarmu ta mata manoma za ta sayi a-kori-kura, babba, ta ɗaukar kaya zuwa gonarmu ta bayan Bomo. Felix mai sayar da motoci a Sabon Gari yana da guda biyu, girmansu ɗaya. Fara mai fetur ce, shuɗiya mai dizal. Winifred, mataimakiyata, ta ja mata sun bi fara. Wai dizal ya fi fetur tsada a gidan mai, wai shuɗiyar tana ƙara kamar injin niƙa. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na miƙe a taro na ce ni 'yar wanda ya shekara talatin a kan injin jirgin ƙasa ce, in shuɗiyar ta kasa, na sauka daga shugabanci. Sun tafa, sun kuma rubuta.

Takinmu buhu sittin yana jiran a kai shi gona makon nan. Mota ɗaya za mu iya saya, ba za mu sake ba. Ka faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

'Yarka,
Hephzibah

Sabon Gari, 9 ga Yuli

Uwata,

Na gaishe ki da sunan Ubangiji. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Bakin nan naki kuwa na san inda kika gado shi, don haka ba zan yi faɗa ba.

Winifred ba ta yi ƙarya ba, rabin magana ta faɗa. Litar dizal ta fi tsada, amma ki tambaye ta lita nawa kowace za ta sha da kaya a bayanta. Mai fetur in babu kaya tsuntsuwa ce, kuma kowane bakanike a bakin titi zai canja mata fulogi. Ki ɗora mata nauyi ki ga yadda take shan mai tana zafi. Mai dizal ba ta da gaggawa, amma tana ja, tana kuma daɗewa. Aibinta shi ne tsantsami: ki ba ta man jarka mai ruwa sau ɗaya, famfonta ya lalace, gyaran kuma sai kun ji a jikinku. Da yawon gari za ku yi, da na ce ku ɗauki fara ku huta.

Ga abin da za ki yi. Ki je wurin Felix da sassafe ba tare da kin sanar da shi ba, ki ɗora hannu a kan injin ki tabbata da sanyinsa, sannan a tayar. Mai lafiya bugu ɗaya take tashi. Kada kuma ki yarda da gwajin kan kwalta da mota fayau. Buhu talatin kowace, ku bi hanyar gonar da kanta.

Ki ci abinci kafin ki tafi, na san halinki.

Babanki,
Mordecai

Samaru, 11 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa, amma yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Da safe komai ya tafi daidai. Injin da sanyinsa, bugu ɗaya ta tashi, har Felix ya tambaye ni wa ya koya mini. Aka loda taki. Dominic, mijin Winifred, shi ne direbanmu, shi ya ja duka biyun.

Ka san kwarin nan da ke gaban gona, mai laka a ƙasa da hawa a gaba. Ya fara da fara. Ya taka totur har ƙasa, ta tsallake lakar da gudu, ta kai rabin hawa ta tsaya. Kuloci ya yi ƙauri, lagireto ya tafasa. Sai da muka sauke buhu goma muka jira ta huce, sannan ta haye. Na yi murmushi a raina, Allah ya gafarta mini.

Sai shuɗiya. Ya taka ta kamar yadda ya taka waccan. Ta yi gurnani, ta watsa mana laka har ka, tayoyin baya suka haƙa rami suka zauna a ciki. Ya ƙara takawa, ta ƙara nutsewa. Mu mata goma sha huɗu muka kwashe buhu talatin a ka, shanun wani manomi suka jawo ta baya. Winifred ta ce, "Shugaba, sai dai mu saya da shanun." Kowa ya yi dariya, har ni, don ban san me zan yi da fuskata ba.

Fara ta kai gona, shuɗiya ba ta kai ba, abin da idonsu ya gani ke nan. Felix ya bar mana motocin zuwa Asabar. Ranar za a yanke shawara, ni kuma na fara rubuta takardar sauka.

'Yarka,
Hephzibah

Sabon Gari, 12 ga Yuli

Uwata,

Gaisuwa. Ki ajiye wannan biron.

Na karanta takardarki sau uku, raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi. Na gaya miki yadda ake gwada mota, na manta ban gaya miki yadda ake gwada direba ba. Dominic ya shekara nawa yana jan bas mai fetur tsakanin Samaru da Kwangila? Ƙafarsa ta saba sai ta taka inji ya yi ihu kafin ya ba da ƙarfi. Haka fetur yake. Dizal kuwa ƙarfinsa a ƙasa yake, tun yana gunaguni. Wanda ya taka shi a laka, kabari yake haƙa wa taya.

A rage iskar tayoyi kaɗan. A sa ƙaramar giyar nan ta gefe mai jan ƙafa huɗu, sannan lamba biyu. A saki kuloci a hankali, a ɗauke ƙafa daga totur gaba ɗaya. Za ta yi kamar za ta mutu. Ba za ta mutu ba. Abin da ya fi wuya shi ne mutum ya hana ƙafarsa taimako.

In Dominic ya ƙi, ke ma kina da lasin, kuma ni na koya miki tuƙi.

Babanki

Samaru, 13 ga Yuli

Babana na kaina,

Ina gaishe ka, ina ƙara gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta.

Na roƙi mata gwaji ɗaya tak kafin a ɗaga hannu. Aka sake loda wa shuɗiya buhu talatin. An kwana ana ruwa, kwarin ya fi na ranar Alhamis muni. Na karanta wa Dominic takardarka, ya ce shi ba a koya masa tuƙi a wasiƙa, ya miƙo mini makulli yana dariya. Na ɗaure zanina na hau.

Baba, na sa ƙaramar giya da lamba biyu kamar yadda ka ce. Na saki kuloci, motar ta shiga laka tana tafiyar tsohuwa. A tsakiya ta yi wani nishi, sitiyari ya karkaɗa, na ji ƙafata ta tafi totur da kanta. Sai na tura ta ƙarƙashin kujera na danne gwiwar da hannu. Mata suna ihu, "Taka mana, Shugaba, taka!" Ban taka ba. Ta ci gaba tana gunaguni, taku ɗaya bayan ɗaya, ta fita daga lakar, ta kama hawa, ta wuce inda fara ta tafasa ko waiwaye ba ta yi ba. Ban tsaya ba sai bakin gona, buhu talatin cif a bayana, allurar zafi tana inda take tun safe.

Da na sauko, na zauna a kan kunyar gona. Winifred ce ta fara isowa, takalmi a hannu, laka har gwiwa. Ta dube ni ta dubi motar ta ce, "To, ai sai ki koya wa mijina." Ta rangaɗa guɗa. Hannu goma sha huɗu aka ɗaga, nata ne na farko. Dominic ya zagaya motar sau biyu, sannan ya ce in ba shi takardar ya karanta da kansa.

Taki yana gona. Ina nan a kujerata. Na yi farin ciki har ina jin tsoron yawansa.

'Yarka mai ƙaunarka,
Hephzibah

Sabon Gari, 13 ga Yuli

Uwata,

Na gode wa Allah. Na yi kuka, Nneoma ta gani, ban kuma damu ba.

Gobe Lahadi ki zo ki kai ni coci a cikinta. Ki tsaya a bakin ƙofa daidai lokacin da tsofaffin abokan aikina na reluwe suke shiga. Kada kowa ya wanke lakar.

Babanki,
Mordecai