Jakar da Inna ta zaɓa wa Auta

Hadejia, daren Laraba, Agusta 1996

Sani, autanmu, ya zo hutu daga Turai da hoton jakunkunan goyo biyu, wai mu taya shi zaɓe. Can suna zamiya bisa katako a kan duwatsun ƙanƙara. In ƙanƙarar ta rufto, sai mutum ya ja igiyar jakar, balan-balan ta kumbura a bayansa ta ɗago shi. Jaka ɗaya ta fi riƙe katakon, ɗayar kuma ja ce.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe goran masunta ne. Ɗauki jar, Auta, ko daga nesa a hango ka."

Barci ya ƙi zuwa. Ina rufe ido sai in ga kogin nan fari fat, goran Baba yana yawo shi kaɗai, kamar ranar da aka tsinto goran bayan ruwa ya ci Baba.