Sunan Ɗan Fari

Lakwaja, Rajab 1302

Daga Barau ɗan Malam Nuru zuwa ga ƙanena Ƙasimu a Birnin Kudu. Gaisuwa da aminci. Bayan haka, ina raye.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da mahara suka ɗauke ni a fadamarmu ta Sundimina. An sayar da ni sau huɗu, na ƙarshe a ƙasar Nufe, har wasu Nasara suka fanshe ni suka kawo ni nan bakin Kwara. Idan kana shakka, ka tuna tabon lauje a ƙaurina na hagu. Kai ka yi mini shi, kuma ban taɓa faɗa wa Baba ba.

Ba zan ɓoye maka ba, yanzu ina bin tafarkin Isa Almasihu, kuma ba wanda ya tilasta mini. Madugu Manu, wanda zai kawo maka wannan, shi ya ce mini kana nan. Ina so in zo gida. Yaya Baba? Yaya Inna da Zahara'u? Ka gaya wa Inna a hankali, kada ka firgita ta.

Wassalam.

Birnin Kudu, Shawwal 1302

Daga Ƙasimu zuwa ga babban yayana, sanyin idonmu, Barau. Gaisuwa mai yawa da girmamawa.

Na karanta takardarka sau uku ina hawaye. Allah Mai mayar da ɓatacce! Baba dai ya riga mu gidan gaskiya, sai haƙuri. Inna tana Gwaram wurin Zahara'u, wadda ta auri Malam Sanda. Na kai mata labari, ta yi murna ƙwarai.

Sai dai, Yaya, zancen addinin nan ya tsaya mata a rai, kuma ka san tsofaffi. Ka rubuto mata filla-filla da hannunka: mene ne ka gaskata, kuma a wace shekara ka shiga. Ka sa Manu da wani cikin fatake su shaida kai ka rubuta, don ta natsu ba ƙage aka yi maka ba. In zuciyarta ta kwanta, sai mu shirya zuwanka.

Ƙanenka mai ƙaunarka. Wassalam.

Lakwaja, Rabi'ul Awwal 1303

Daga Barau zuwa ga Inna, ta hannun Ƙasimu. Ina durƙushe ina gaishe ki. Allah Ya jiƙan Baba.

Kin tambaya, ga amsa. Shekara shida ke nan da aka yi mini baftisma, wato wankan shiga wannan tafarki, a shekarar 1297. Na gaskata Isa Almasihu ya mutu dominmu, ya tashi. Na san wannan zai yi miki nauyi, amma ba zan yi miki ƙarya ba.

Jiya muka yi bikin haihuwarsa, ana ce masa Kirsimeti. Bana ya faɗo wata ɗaya da Mauludi, har na riƙa tuna ku. An share ɗakin ibada, an ƙawata shi da ganyen kwakwa, an dafa shinkafa. Mutanen nan galibi irina ne, kowa da garin da aka raba shi da shi. Ana waƙa da harsuna uku, amma da an zauna cin abinci kowa sai ya kama zancen uwarsa.

An karanta mana daga Linjila cewa Maryamu ta haifi ɗanta na fari a garin baƙunci, ta naɗe shi da zane, ta kwantar da shi a komin dabbobi, ta kuma kira shi da sunansa. A nan na kasa ɗaga kai. Ni ma ɗan fari ne. Na san kunya ce ta hana ki kiran sunana, yadda ta hana kowace uwa a garinmu. "Wannan yaron" kike ce mini, kina duban wani gefe, amma ƙwaryar furata ta fi ta kowa nono. Ban taɓa jin haushi ba. Sai dai a shekarun bauta an kira ni da sunaye biyar, ba nawa ko ɗaya, na kuwa riƙa tunanin yadda nawa zai fito daga bakinki.

Ba na neman komai. In kin yarda, Kirsimeti mai zuwa a ƙofar ɗakinki zai same ni. Manu da Sada, abokin fataucinsa, sun shaida, ga sunayensu a ƙasa.

Ɗanki. Wassalam.

Gwaram, Rajab 1303

Daga Zahara'u zuwa ga Yaya Barau. Gaisuwa. Ban iya doguwar takarda ba, zan faɗi abin da ya faru a jere.

Ƙasimu bai taɓa gaya wa Inna kana raye ba. Ba ta tambaye ka komai ba. Mu duka a zauren alƙali muka fara ji.

Baba ya rasu a 1299. Da aka raba gado, alƙali ya ajiye rabonka, rabin fadamar Sundimina, don ba a raba dukiyar ɓatacce sai an tabbatar da mutuwarsa. Ƙasimu ya yi ta neman a ba shi, aka hana. Shi ya sa ya tambaye ka shekara. Ya kai takardarka da shaidunka biyu, aka karanta a gaban jama'a, aka ga ka bar Musulunci shekara biyu kafin rasuwar Baba. Alƙali ya ce ba ka da gado. Ni ma an yanka mini wani abu daga ciki, mijina Malam Sanda ya karɓa, ban hana ba. Gara ka ji daga gare ni.

Abin da ya fi wannan: yanzu maganarka tana rubuce a wurin alƙali da hannunka. Malam ya ce in ka shigo ƙasar nan za a tsare ka kwana uku a nemi ka tuba, in ka ƙi, ka san hukuncin. Da ka zo shiru kamar baƙo cikin fatake, da ba wanda zai tona.

Na kwafo takardar, na karanta wa Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ni ban yarda da abin da ka bi ba, Yaya, kuma kullum ina roƙon Allah Ya dawo da kai. Amma na karanta duka, ban tsallake komai ba. Da na gama, ta ci gaba da tsince wakenta. Sannan ta ce, "Ki rubuta masa kada ya zo. Na binne shi sau ɗaya a raina, ba zan iya na biyu ba." Na ce, "Inna, wa zan ce kada ya zo?" Ta ture faifan, ta dube ni, ta faɗi sunanka.

Ƙasimu ya zo gaishe ta ranar Juma'a da damin dawa. Ta amsa gaisuwa, ta sa aka mayar masa da damin.

Ƙanwarka. Wassalam.

Lakwaja, Rabi'ul Awwal 1304

Daga Barau zuwa ga Zahara'u. Gaisuwa da godiya. Na bi maganar Inna, ban zo ba.

Yau Kirsimeti. An yi mana wa'azin gafara, na saurara, ban iya ba tukuna. Ki gaya wa Ƙasimu, da fadamar ya roƙa, da layi ɗaya ya ishe ni in bar masa ita. Abin da ya ɗauka ba a auna shi da igiya. Rabonki kuwa ki noma, ki ciyar da Inna daga ciki.

Abu ɗaya nake roƙo. Manu zai juyo bayan Azumi. Ki rubuto mini yadda Inna ta faɗi sunana: da ƙarfi ne ko a hankali, sau ɗaya ko sau biyu, kuma ina take duba.

Yayanki Barau. Wassalam.