Daro Ɗaya, Karnuka Biyu

Unguwar Boro, Kaduna

Zuwa ga matata Celina, Maman Vicky,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da 'yarmu Vicky mai jego, da jikana da ban ɗora wa ido ba tukuna. Yaya mutanen Kagoro? Wayarki ba ta shiga a can, shi ya sa na ba direban motar Kafanchan wannan takarda.

Kada hankalinki ya tashi, amma karena Janar ya ciji 'yar karyarki Alewa. A kunne ne kawai, kuma Likita Benson, likitan dabbobi na Sabon Tasha, ya ɗinke. Tana nan tana haushinta na rashin kunya kamar kullum.

Tun da kika tafi na daina shagwaɓar nan ta ba ta abinci a kicin. Nakan zuba musu tuwo da romo a daro ɗaya. A gidan Babanmu faranti ɗaya muka ci, babba da yaro, haka kuma nake ci da ma'aikatana a gidan bulo har yau. Ban ga abin da karnuka suka fi mu da shi ba. Alewa ce ta sa baki kafin Janar ya gama, shi kuwa kin san kansa kaɗai ya kai girmanta. Na ba shi bulala. Zai koya. Mutumin da ya fara buga bulo da hannunsa har ya mallaki fili a Gonin Gora, kare ba zai gagare shi ba.

Ki gaishe da surukanmu.

Mijinki,
George

*

Maman Vicky,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, takardarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, don zafinta bai bar ni na zauna ba. Kin ce za ki dawo da Vicky da jariri kafin Kirsimeti, za su zauna da mu har yaron ya fara rarrafe. Kin ce karen da ke cizo a kan abinci ba zai kwana gida ɗaya da jikanki ba, in bai gyaru ba in ba Emeka ya tsare masa shagon taya a Kakuri. Celina, Emeka sarƙa yake sa wa kare a rana. Janar a cikin hulata na kawo shi gidan nan. Ba zan ba da shi ba.

Na bi shawarar mutanen majalisa, wai in riƙa janye daron yana tsakiyar ci don ya san mai gida. Da na miƙa hannu sai ya sandare, ya ɗage leɓe, ya yi min gurnani. Ni, George. Ban ji tsoro ba, amma abin ya tsaya min a rai.

Da na mayar da Alewa a cire zare, Likita Benson ya ce ba raini ba ne, tsoro ne. Kare na ganin za a ƙwace masa, bulala da janye daro kuwa suna tabbatar masa da haka. Dama tunanina ya fara zuwa wajen. Kin sha yi min dariya cewa ina kewaye faranti da hannu in ina cin abinci. Ni ne auta a farantin Baba, in ka yi sanyi sai ka tashi da yunwa.

Saboda haka na canza tsari. Na kawo bulo na yi wa Janar ɗaki a bayan tanki, da ƙofar ƙarfe. A can yake ci, ƙofa a rufe. Alewa ta koma kicin, kin yi nasara a nan, kada ki yi ta maimaitawa. In sun gama sai in kwashe kwanuka in wanke kafin in buɗe. Ba ƙashi a tsakar gida. Yana ci nakan wuce daga nesa in jefa masa tsokar nama ta saman ƙofa in yi gaba, don ya gane zuwan mutum ƙari ne, ba ragi ba. Bulalar na jefa ta kan rufi.

Ki shafa min kan yaron.

Naki,
Baban Vicky

*

Matata Celina,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mai jego da ɗanta. Allah ya ƙara muku lafiya.

Janar ya yi ƙoƙari. Yanzu in na matso yana ci, kaɗa wutsiya yake yi. Da yamma shi da Alewa sukan kwanta a inuwar mangwaro, har takan taka masa wuya ya ƙyale ta. Na so in rubuto miki cewa aiki ya ƙare.

Ranar Lahadi 'yan zumuntar maza na coci suka zo gidanmu, na sa aka yi farfesun akuya. Na gargaɗe su a kan ƙashi, amma Dattijo Zakariyya'u da hira ta yi daɗi ya tsotse nasa ya wurga ƙasa kamar yadda kowa ke yi. Alewa ta nufi wajen. Kafin in tashi Janar ya riga ta, ya tsaya a kan ƙashin, jikinsa ya sandare kamar itace. Na kira shi, na nuna masa nama, ya bari ya zo. Bai taɓa ta ba. Baƙi suka yi ta yabo, wai na iya horo.

Ni kuwa ban ji daɗin yabon ba. Na ga idonsa. Alewa ta san ta ja da baya, yaro mai rarrafe bai sani ba. Kuma ba zan iya tsare hannun kowane baƙo a Kirsimeti ba.

Jiya na sa Janar a gaban motar bulo na kai shi filina na Gonin Gora inda muke buga bulo. Na gina masa ɗaki mai inuwa kusa da ofis, ba sarƙa. Kullum ina wurin, ni zan riƙa ba shi abinci da hannuna, horon kuma ba zan fasa ba. Emeka ya zo neman karen, na ce ya nemi nasa. Ranar da jikana ya iya gane kalmar bari, Janar zai dawo gidansa, wannan ki rubuta ki ajiye.

Gidan ya yi shiru, ba na son shirun. Ku shigo motar safe ranar Asabar, zan jira ku a tasha. Ki kawo min yaron, tsakar gida tasa ce.

Mijinki mai kewarki,
George