Hannun Gwaji

Altwiesen, 15 ga Disamba, 1901

Zuwa ga Yaya Ottilie,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jikin Mama da wannan sanyi? Ina fata tarin ya sassauta, yara kuma suna lafiya.

Na san kin ga jarida. Ranar Talata aka raba kyautar nan ta Suwidin, ta hasken da ke nuna ƙashi da ta allurar mashaƙo duk suka zo Jamus. Shugaban asibitinmu, Farfesa Dornbusch, wanda bai taɓa gano komai ba sai hanyar gidan giya, ya tara mu yana hura hanci kamar shi aka ba. Ya ce Jamusawa uku ne suka ci. Na ce biyu ne, na ukun, mai haɗa sinadarai, mutumin Holan ne, aiki kawai yake yi a Berlin. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

Sakamakona shi ne gwajin na'urar hoton ƙashi. Al'adar gidan nan, kowace safiya ƙaramin likita zai sa hannunsa na hagu a gaban kwalbar na'urar, a duba ƙasusuwansa a allo, a gane ko hasken ya daidaita. Farfesa ya shekara biyar yana yi da nasa. Ba zan zama cikakken likita ba sai ya buga mini hatimi a ƙarshen shekarar aiki, don haka na haɗiye maganata.

Ƙaninki,
Alwin

26 ga Janairu, 1902

Yaya Ottilie,

Ina gaishe ki da Mama da maigidanki. Safar da kika saƙa ta iso, na gode.

Safiya talatin da huɗu ke nan ina gwajin, minti biyu zuwa uku kullum, duk na rubuta. A ta sha tara gashin bayan hannuna ya zube. Yanzu fatar ta yi ja, farce biyu sun tsage. Ina tsoro, Yaya. Likitan tiyata nake so in zama.

Jiya na ɗauko ƙashin hannu daga ɗakin koyarwa, na nuna wa Farfesa cewa shi ma yana fitowa a allo ras. A gaban kowa ya ce, "Yaro, da tsoro ke gano abu, ai da zomo aka ba kyautar." Mataimakansa suka yi dariya, babba ya fara, na ƙasa suka bi, kamar yadda suke yin komai. Huɗu ne, kowanne hannunsa ya zama bayan kada, suna nuna shi kamar lambar yaƙi. Na ce ba zan ƙara sa nawa ba. An mai da ni wankin miki.

Naki,
Alwin

9 ga Maris, 1902

Yaya Ottilie,

Da fatan wannan ta same ku lafiya. Ni lafiya lau, hannun ya warke.

Ranar Laraba Farfesa ya kira ni gidansa, ya kulle ƙofa. Yatsansa na tsakiya na hagu ya yi wata bakwai da gyambon da ya ƙi rufewa, ya fara baƙi. Mataimakan nan huɗu ba wanda ya yarda ya taɓa shi, don fatarsu na tsagewa da sun wanke hannu da magani. Ni zomon nan kaɗai na rage. Na shaƙa masa maganin barci, na cire yatsan daga gaɓa, minti ashirin da biyar, ɗinkin ya yi kyau.

Da ya farfaɗo sai ya sa aka kawo littafin asibiti, ya ajiye hatiminsa kusa da shi. Ya ce, "Rubuta bindiga ce ta fashe mini a farauta, ka ɗauki takardarka tun yau." Sau uku ina tsoma alƙalami. Na rubuta ƙunar haske, ta shekara biyar, na sa kwanan wata. Ya karanta, ya mai da hatimin aljihu.

Jiya an ce yana gidan giya, yana ba mutane labarin girman aladen dajin da wai ya je farautarsa.

Shekarata ta tashi a banza, sai na sake ta a wani asibitin, in za su ɗauki wanda aka kora. Zan iso da jirgin ƙasan Juma'a, ƙarfe huɗu da kwata. A share mini ƙaramin ɗakin sama. Ba da takarda zan zo ba, amma yatsuna goma cif.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Alwin Terhorst