Ban ga fuskar Zuhura ba

Zuwa ga ɗana Naziru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Babanku da Gwaggo Salamatu. Yaya ƙafarta? Ka gaishe min da mutanen gidanmu na Maamobi. Ni ma nan Kuwait lafiya lau, aiki ne kawai, an saba.

Bidiyon bikin ƙanwarka Zuhura da ka ɗauka na gan shi ranar Juma'a, ranar da matar gidan da nake wa aiki take ba ni wayata. Allah ya yi maka albarka. Amma me ya sa hannunka yake rawa haka? Rumfa, ƙafafun mutane, tukunyar shinkafa, sai da jiri ya zaunar da ni a kicin. Sherifa, 'yar unguwar Nima ta can gida da ke aiki a maƙwabta, dariya ta yi min. Ta ce, "Mma, haka ake fim yanzu, wanda ba ya girgiza na tsofaffi ne." To, ni ban ji daɗinsa ba. Wurin buɗar kai, Gwaggo tana ɗaga mayafin sai ka juya wajen makaɗa. Sau tara na mayar da shi baya, ban ga fuskarta ba.

Idona ya fara gani dishi-dishi. Ba komai ba ne, kada ka faɗa wa Babanku. Amma kada ka jinkirta. Ka je gidan mijinta da rana, ka zaunar da ita inda akwai haske, ka jingina wayar da bango, ka cire hannunka. Ba sai ta yi magana ba. Ta dube ni kawai.

Mahaifiyarka,
Zelia